Wakena a Cikin Kabad

Muna aji biyar a wata firamare a Kafanchan, Malamarmu ta sa kowa ya shuka wake a gwangwanin madara. Nawa ya fi na kowa, ba yabon kai ba. 'Yar manomin citta ce ni, ƙasar ma daga bayan garken awakinmu na ɗebo ta.

Ran nan Malama ta ce jikin shuka daga iska da ruwa yake samuwa, hasken rana ke dafa masa abinci a ganye. Ni da shegen baki, na ɗaga hannu.

"Malama, in iska ne abincin shi, don me babana yana wahalan sayan taki?"

Aji ya kwashe da dariya. Tambaya ce mai amsa, amma ba ta ba ni ba. Murmushi kawai ta yi, ta ce ana bukatar shuka ɗaya da za a hana wa rana don mu gani da idonmu.

"Kawo naki, tunda kin fi kowa sani."

Ta kulle shi a kabad ɗin littattafai. Kullum da safe ta buɗe, in zuba masa ruwa, in zagaya da shi benci-benci kowa ya gani. Ya yi fari fat, ya yi tsawo a banza, ya karkata wajen 'yar kafar da haske ke shiga. Sau biyu na roƙe ta ta bar shi a taga ko na awa ɗaya. Ta ce darasi bai ƙare ba. Na tsani matar nan, har a coci ba na iya kallon inda take zama.

A mako na uku hedimasta ya shigo duba aikinmu. An jera gwangwanaye a kan tebur, har da nawa, wanda waken cikinsa ya riga ya kwanta. Ya ɗaga shi da yatsu biyu.

"Na wane rago ne wannan?"

Na miƙe.

"'Yar manomi, ko wake ɗaya kin kasa riƙewa? Miƙo hannu."

Na miƙa, ina kallon Malama, ina jira ta faɗi kalma ɗaya. Ita ce ta ɗauko masa bulalar daga bayan allo.