Layi Biyu a Wasiƙar Ɗan Dako

Shekarar da ake shirin babban zaɓe a gida, kafin Turawa su miƙa mulki, ina zaune a Jidda ina rubuta wa mutane wasiƙa. Wurina yana jikin bangon wani sito, hannunka na dama in ka fito daga tashar jiragen ruwa. Tabarma ce kawai, da akwatin katako da nake dafa takarda a kai, da kwalbar tawada. Da ajami nake rubutu. Mutanenmu masu dako da ga-ruwa da wanki a garin, galibinsu ko alif ba su sani ba, saboda haka duk abin da mutum yake so a ji a gida, ta hannuna yake bi. Na san wanda ya saki matarsa. Na san wanda ya rubuta cewa ya buɗe kanti alhali buhu yake ɗauka. Ban taɓa fasa maganar kowa ba, kuma ina taƙama da wannan, har taƙamar ta yi yawa.

Aikin yana da ƙa'ida. Mutum ya faɗa, in rubuta, in karanta masa tun daga bisimilla har wassalam. In ya ce haka ne, sai ya dangwali tawada da babban yatsa ya danna a ƙasa. Daga nan a naɗe a ba alhajin da zai koma yankinsu.

A lokacin jinina tafasa yake. Mahaifina ya baro garinmu ne bayan an ɗaure shi a rana a ƙofar dagaci, don ya ƙi zuwa noman gandu. Ya ɗauko mu muka biyo hanyar gabas a ƙasa, ya rasu a Sudan bai ga Ka'aba ba. To in aka ce ga jam'iyyar da ke cewa a daina aikin tilas, ai ba sai an tambaye ni ina na dosa ba. Ba zan faɗi sunanta ba. Waɗanda suka yi zamanin sun gane.

Bayan an sauko daga Arfa, alhazai suka cika bakin tasha suna jiran jirgi. Cikinsu akwai wani jigon jam'iyyarmu, tela ne, siriri, an ce sau biyu ana kai shi gidan yari. Ya aiko a tara masa magoya baya. Wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, domin a ƙasar nan ba a san wata aba wai ita siyasa ba. In askari, wato ɗan sandansu, ya kama ku, iƙama, takardar izinin zama, za a karɓe, kafilinka da ya tsaya maka a ƙasar ya ce bai san ka ba, a zuba ku a jirgi da rigar da ke wuyanku.

Duk da haka muka taru bayan la'asar a cikin siton shinkafa, don mai gadin namu ne. Mun kai arba'in. Aka ajiye faifan dabino a tsakiya, aka tsayar da mutum a bakin ƙofa, aka yi shawara in ya yi gyaran murya kowa ya ɗaga hannu kamar addu'ar mamaci ake yi. Zafi kamar a cikin tanda. Gumi yana bin bayana, ina jin numfashin na kusa da ni.

Alhajin bai ɗaga murya ba. Ya ce bai zo neman a so shi ba, ya zo tuna mana abin da ya haɗa mu ne. Talaka ba zai ƙara noma gandun kowa da yunwa a cikinsa ba. Ba za a ƙwace gonar mutum don ya buɗe baki ba. Alƙali ya yi wa ɗan sarauta da ɗan talaka hukunci iri ɗaya. Yana tsakiyar magana mai tsaron ƙofa ya yi gyaran murya. Hannaye arba'in suka tashi sama. Muka ji takun takalmi ya tsaya, ya daɗe, sannan ya wuce. Muka sauke hannu.

Da aka natsa, wani mai wanki ya ce, "Alhaji, mu fa ba mu da ƙuri'a a nan. Me za mu yi muku?"

"Kuna da baki," in ji shi. "Wasiƙar da ta fito daga ƙasa mai tsarki ba a jefar da ita. Kowa ya rubuta wa nasa ya ce ga inda za su kaɗa. Amma ku ji ni da kyau. Wanda ya ji tsoro a ƙyale shi. Tsoronsa gaskiya ne, shi ya san abin da ya baro. Mu ba mu tilasta wa kowa, don tilas ɗin muke yaƙi da shi."

Na ji wannan da kunnena. Na ma gyaɗa kai.

Washegari na shimfiɗa tabarma tun da hantsi, na fere alƙaluma, ina jiran mutum arba'in. Har azahar bakwai ne suka yarda a sa maganar zaɓe. Sauran kowa ya zo da gaisuwarsa da ciwon bayansa da saƙon a gaida inna, in na ce, "To maganar jiya fa?" sai ya kalli teku. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, ga maza a cikin sito, ga kaji a kan tabarma.

Ana cikin haka wani dattijo ɗan dako ya zo. Shekararsa shida a Jidda yana sauke buhuna daga jirgi, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Ni nake rubuta masa tun zuwansa, kuma duk wasiƙunsa maganarsu ɗaya ce, wato gonarsa. Fadama ce a bakin rafi, gadon ubansa, ana rake da albasa. Ƙanensa yake noma ta. A al'adar garinsu, in mutum ya daɗe ba ya nan dagaci yana da ikon ba wani gonarsa, sai dai an yi ta lallaɓa shi da gaisuwa yana kawar da kai. Dattijon ya ƙudura cewa hajjin baɗi in an sauko zai bi alhazai ya koma, ya mutu a gonar nan. Ina tsokanarsa in ce, "Baba, wannan fadama taka ko a Aljanna take?" Sai ya ce, "Kusa da ita dai, Malam."

Ya faɗi saƙonsa na rubuta. A gyara shingen gabas. Kada a sayar da irin albasa. A kai wa dagaci dabino da zamzam ɗin da ya aiko, a ce yana gaisuwa.

Na ce, "Baba, saura maganar jiya. Na gan ka fa, kana share ido da gefen rawani."

Ya ce, "Duk abin da Alhaji ya faɗa gaskiya ne. Ni ma na yi noman gandu. Amma Malam, a garinmu mai karatu ɗaya ne, malamin dagaci. A ƙofar dagaci ake buɗe wasiƙa, da ƙarfi ake karantawa. Don girman Allah kada ka sa mini siyasa. Gonar nan ita kaɗai gare ni."

"To haka za mu zauna? Kowa yana tsoron gonarsa, su kuma suna hawan kanmu?"

"Kai yaro ne, kuma ba ka da kowa a can," in ji shi. Bai faɗa da zafi ba, amma ta soke ni.

Na sunkuya a kan takardar. Akwai ɗan fili tsakanin maganar dabino da wassalam. Na tsoma alƙalami na rubuta layi biyu, cewa ina umartar ƙanena da duk mutanen gidanmu su kaɗa wa jam'iyyar talakawa, kuma zamanin noman gandu ya ƙare. Ban ko tsaya tunani ba. Na gaya wa kaina ai abin da ke zuciyarsa na rubuta, bakinsa ne kawai ya kasa. Na ma ji daɗin cewa a ƙofar dagaci za a karanta, su ji ta a kunnensu.

Na karanta masa daga farko. Da na zo wurin, na tsallake kamar yadda ake tsallake kwata. Ya ce, "Haka ne." Ya dangwali tawada ya danna yatsansa a ƙarƙashin ƙaryata. Ya yi mini addu'a, ya ɗauki takardar ya kai wa wani alhajin yankinsu.

Kwana biyu ina jin kaina gwarzo. A rana ta uku ina alwalar azahar, maganarsa ta faɗo mini, cewa gonar nan ita kaɗai gare shi. Na bar butar na ruga masaukin alhazai ina tambayar mutanen yankinsu. Wani ma'aikacin tasha, Bahaushe haifaffen Jidda, ya nuna mini teku da haɓa ya ce, "Halas, shi ke nan, ya shaikh. Jirginsu ya tashi tun da safe." Na tsaya ina kallon ruwa. Na yi tunanin aika wata ta gidan waya in ce kuskure ne, amma ita ma a hannun malamin dagaci za ta faɗa, kuma sai in bayyana wane ne ya yi kuskuren. Ban aika ba. Tsoro ne ya hana ni, ni da nake kiran mutane kaji.

Wata biyar aka yi. Kullum da safe in zai shiga tasha sai ya tsaya ya ce, "Malam, ba labari?" In ce babu. Wani lokaci ya miƙo mini guntun burodi. In karɓa ina kawar da ido. Na rame, har mutane suna tambaya ko zazzaɓi nake. Na yi ta lallashin kaina cewa wataƙila takardar ta jiƙe a hanya, ko malamin ya ji kunya ya tsallake, tunda mu masu karatu mun iya tsallake. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa, sau uku ina ɓigewa da maganar zafin gari.

Amsar ta zo ta gidan waya, a kantin wani Balarabe da muke ba da adireshinsa. Dattijon ya kawo ta da kansa, riƙe da hannu biyu, ko buhun da yake yafawa a kafaɗa bai cire ba. Ya zauna ya ce, "Yalla, maza Malam, mu ji ko an gyara shingen."

Na buɗe. Ba rubutun malamin dagaci ba ne. Ƙanen ya yi tattaki har kasuwar wani gari ya sa an rubuta masa. Idona ya riga bakina kaiwa ƙasan takardar, kuma dattijon yana kallon fuskata. Shaiɗan ya ce mini in karanta gaisuwa, in ce damina ta yi kyau, in naɗe. Wa zai sani? Ba zan ɓoye ba, na so in bi shi.

Na karanta duka. An karanta wasiƙarka a ƙofar dagaci ranar Juma'a, gaban jama'a. 'Yan doka sun tafi da ni, na yi wata biyu a tsare. Dagaci ya ce wanda ya bar gari shekara shida, sannan ya aiko da zagi, ba shi da ƙasa a nan. An ba wani fadamar, da rakenta a tsaye. Yaya, me na yi maka? Da ka san za ka faɗi haka, ai da ka bari na sare raken.

Dattijon ya ce, "Wane zagi?"

Na gaya masa. Ban rage komai ba, har layi biyun na maimaita masa kalma kalma, don ban manta su ba. Na ce, "Baba, ni na sa. Ka hana ni, na sa. Ka tara mutane ka faɗa musu, ko ka kai ni wurin askari, duk abin da ka yi daidai ne."

Bai zage ni ba, kuma na so ya zaga. Ya dubi babban yatsansa. Can wani ɗan'uwansa ɗan dako ya kira shi daga bakin tasha, ya ɗaga masa hannu alamar ya jira.

"Ɗauko takarda," in ji shi.

Na ɗauko. Na ce zan rubuta wa ƙanen cewa laifina ne, in sa yatsana, a kai wa dagaci.

"Dagaci ba zai mayar ba, ya riga ya bayar. Rubuta abin da zan faɗa. Ka ce ni na faɗi maganar, da bakina. Ka ce ɓacin rai ne ya ɗebe ni, ya yafe mini."

"Baba, ai ba kai ba ne."

"Na sani. Amma in ƙanena ya ji cewa takardata ba bakina ba ce, da me zan ƙara yi masa magana? Shi kaɗai ya rage mini a can. Gara ya yi fushi da ni."

Na rubuta. Na fara karanta masa, ya tsayar da ni, ya karɓi takardar ya tsallaka titi wurin wani malami Bahaushen Sudan da ke sayar da turare. Ina hango su, malamin yana karantawa, shi yana gyaɗa kai. Sai da ya ji ta daga bakin wani sannan ya dawo ya dangwali tawadata ya danna.

An yi zaɓen, ban ma tambayi yadda aka ƙare a garinsu ba. Hajjin baɗi ya zo, alhazai suka sauko suka cika tasha. Dattijon ya ɗaukar musu kaya har cikin jirgi, ya sauko, bai bi su ba.