Takardun da ke cikin gafakar kakana

Ina aji uku a lise, makarantar sakandare ta Garwa, zamanin shugaban ƙasa na farko, kawuna ya zo hutu daga Yawunde, inda yake karatun jami'a. Bincike yake yi a kan fataken shanu da mahauta. Malamansa sun ce ya fara kawo jerin duk abin da ya karanta, kowanne da ɗan bayani a ƙarƙashinsa: wa ya rubuta, me ya ƙunsa, ina ake samunsa.

Na Faransanci ya gama da su. Saura takardun ajami na marigayi kakana, waƙoƙi da labaran hanyar shanu har Tibati, suna cikin gafaka a ɗakin kaka. Kawu ɗan fari ne. Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, sai dai ta ce "wancan". Don haka ni ya aika, ni da yake kira 'yar lekol, wato 'yar makaranta.

"Ce mata aro ne, 'yar lekol. Da na gama zan dawo da su."

Kaka ta daɗe tana shafa igiyar gafakar. "Ke kika ji da kunnenki?"

Na ce ni na ji.

Hutun nan duka a zaure muka yi shi. Ina karanta masa ajamin, saboda ya riga ya manta da shi, yana faɗa min Faransancin da zan rubuta a kan ƙananan katuna. Na so aikin ƙwarai. Wata takarda na da tabon goro, wata kuma tawadar ta koma ja inda kakana ya ƙara ruwa. Har wannan na so in sa, kawu ya yi dariya ya ce jami'a ba ta cin goro. A ƙasan kowane kati na rubuta: yana hannun matar marigayin, a Garwa.

Hutu na ƙarewa ya tafi da gafakar. Da ya dawo wata shekarar, ya miƙo min jerin an buga da tafireta. Bayanaina ne, ko waƙafi bai canza ba, sai layin ƙarshe. Ko'ina an sa: mallakar mai bincike.

Da ƙyar na buɗe baki. "Kawu, gafakar fa?"

"Gara za ta cinye su a nan. In tana so, ta tambaye ni da kanta."

Ya san ba za ta iya ba. Ni ma a nan na gane tun farko ya sani.

Kaka na tsince shinkafa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba.

"Ki ce wa wancan..." Sai ta jefar da wata tsakuwa. "Bari. Ke dai kika ce kin ji."

Daga ranar, in tana da saƙo ƙanena take kira.