Tabawa da Okid Ɗinta

A Anacha aka haifi Tabawa, a wani gidan haya bayan tashar Upper Iweka, inda mahaifinta ke sauke shanun da ya ɗauko daga Azare. Ta iya yaren Ibo tun kafin ta iya ɗaura zani. Aure ne ya kai ta Fatakwal, gidan wani mahauci mai haƙuri da ya rasu ya bar mata yara biyu, Muhsin da Mahbuba. Bayan ta fita takaba dangin mijin suka ce ta tattara ta koma Arewa. Ta ce wace Arewa, ita da ba ta taɓa cika wata guda a can ba. Ta kafa tebur a kasuwar Mile One, ta shiga sayar da albasa da tattasai da busasshiyar kuɓewa, da haka ta raini yaran har Muhsin ya kama aiki a Kano, Mahbuba kuma ta yi aure a Inugu.

Tana da wani fure a gida, tsintarsa ta yi. Akwai wani otal da take kai wa albasa, wata rana ta tarar an jibge tukwanen fulawa kusa da bola. Guda ɗaya ya ja idonta: ganyensa faffaɗa mai kauri kamar harshen sa, saiwoyinsa sun leƙo waje farare-farare. Mai gadi ya ce mata da Turancin buroka, "Madam, e don die." Ta taɓa ganyen ta ji da ƙarfinsa, ta ce bai mutu ba, furensa kawai ya zube. Ta saka shi cikin kwandon albasa ta tare keke.

Wani mai sayar da shuke-shuke a bakin titi ne ya gaya mata sunansa okid, ya kuma ce ba ya son ƙasa. Ta samo ɓawon kwakwa da gawayi ta dasa shi a ciki. Ban-ruwan da kanta ta koya, bayan ta kusa kashe shi. Sai saiwoyin sun yi fari sun bushe take nitsa tukunyar cikin kwanon ruwan sama, ta jira su koma kore, ta ɗaga ta bar shi ya tsane tsaf, kuma ba ta yarda ko ɗigo ya kwanta a tsakiyar ganyen. Ruwan farko ba ta tara, saboda baƙar tokar da ke sauka kan rufin Fatakwal. Ita ma tokar kullum sai ta goge ta daga ganyen da tsumma mai laima. Matan gidan hayar suka yi ta mata dariya, wai shukar da ba a miya da ita. Da ya fitar da farin fure mai ɗigon shunayya, su ne suka riƙa zuwa ɗaukar hoto a bakin tagarta.

Shekarunta sun haura sittin lokacin da hawan jini ya kayar da ita a kasuwa. Ta farfaɗo a asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya ɗan karkace. Mahbuba ta baro Inugu ta zo jinya, kuma don ta faranta wa mahaifiyarta, duk safiya da yamma idan ta leƙa gida sai ta kwarara wa furen ruwan famfo, har ta ajiye tukunyar cikin faranti cike da ruwa kada ya ji ƙishi.

Ranar da aka sallamo Tabawa, tun daga ƙofar ɗaki ta ji warin ruɓa. Ganye biyu sun yi rawaya sun langaɓe.

"Wa ya ba shi ruwa?" Maganar da kyar take fita.

"Ni ce, Inna. Ban taɓa fashi ba."

Tabawa ta dubi 'yarta, ta ga ramar da ta yi, ba ta yi faɗa ba. Ta ce a miƙo mata sabuwar reza. Mahbuba ta ce ta faɗi abin da za a yi ita ta yi. Tabawa ta girgiza kai. Ta sa aka aza tukunyar a cinyarta, ta tokare ta da hannun da ya mutu, ta zazzage jiƙaƙƙen ɓawon, ta shiga yanke ruɓaɓɓun saiwoyin da hannun hagu. Rezar ta kuɓuce ta yanke ta a yatsa. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Saiwa kaɗan ce ta rage mai rai.

Ana cikin haka Muhsin ya iso daga Kano da shawararsa a shirye. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, sannan ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa, akwai mai yi mata komai, ba za ta ƙara ɗaga ko cokali ba.

"Inna, zaman nan ya ƙare. Wa gare ki a garin nan?"

"Kabarin ubanka yana nan. Teburina yana nan."

"Tebur kuma? Da wane hannun?"

Ta ɗaga na hagun, mai tsumma ɗaure a yatsa.

"In don wannan ciyawar ce, sai mu tafi da ita," in ji shi.

"Ba don ita ba ce. Kun kwantar da ni, kuna ba ni abinci a baki, kuna magana a kaina kamar na fita daga ɗakin. Ciwo na yi, Muhsin. Hankalina yana nan. Ba inda za ni."

Ya tafi wajen limamin masallacin unguwa ya roƙe shi ya sa baki. Liman ya zo, ya yi mata sannu da jiki, ya yi nasiha a kan karɓar taimakon 'ya'ya. Ta saurare shi har ƙarshe cikin ladabi, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, taimako ina so. Ɗauka ce ba na so." Liman ya yi addu'a ya fita, ya ce wa Muhsin ya ƙyale ta.

Muhsin ya koma Kano ransa a ɓace, ya jima bai kira ba. Mahbuba ta zauna, amma da sharaɗin uwarta: ta kawo bokitin ruwan sama bakin ƙofa, daga nan ta tsaya. Ranar da ban-ruwa ya kama, Tabawa ta ja jiki da sanda, ta ɗebi ruwa da moɗa, rabi ya zube mata a zani kafin ta kai kwano. Mahbuba ta yunƙuro.

"Zauna."

Tabawa ta sake komawa, ta sake ɗebowa, tana haki. Ta nitsa tukunyar, ta jira, ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta aza ta kan bulo ta tsane. Da ta gama ta jingina da bango gumi na zuba, ta ce a ba ta shayi, kuma kofin a hannunta za a sa.

Furen bai yi fure ba a shekarar, ganye ɗaya kawai ya ƙara, da saiwa sabuwa mai koren baki. Hannun dama bai dawo ba. Amma kafin damina ta wuce Mahbuba ta koma ɗakin mijinta, Tabawa kuma ta fara fita kasuwa da safe, wani mai keke na unguwar yana kai ta yana dawo da ita kafin azahar. Ta koyi kasa albasa da hagu. Muhsin ya sauko daga fushinsa ya aiko mata da kujera mai majingini, ta karɓa ta yi godiya, ta sa aka kai mata ita bayan tebur. A kanta take zama yanzu, tana ciniki da matan Ibo da yarensu, kuma duk wadda ta ce albasar ta yi tsada sai ta nuna mata teburin gaba da haɓa.