Wuƙar da Ban Kai Ba

Duk lokacin da na bi ta gaban tashar jirgin ƙasa ta Treichville a Abidjan, sai na rage tafiya. Yanzu jiragen kaya ne kawai ke kurɗawa, amma ni na san ta lokacin da take tasha ta gaske. Ranar tashin jirgi, rabin Hausawan unguwar Adjamé na can. Masu tafiya goma, masu rakiya ɗari, kuma kowane mai rakiya da sallahunsa: wannan goro, wancan sabulu, wata ma busasshen aceke, dambun rogon nan, za a kai wa ɗiyarta. In ka ce kayanka sun yi yawa, a ce ɗan Abidjan ba ya son zumunci.

Ina da shekara ashirin da shida na fara zuwa garinmu a Nijar, ta Wagadugu, daga nan a hau mota. Babana mahauci ne a Bracodi, cikin Adjamé, mutum mai tsadar magana. Shekara talatin bai je gida ba, bai kuma taɓa gaya mana dalili ba. Mun dai san yana da wa a can, wanda muke kira Baffa ba tare da mun taɓa ganinsa ba.

Ana saura kaɗan jirgi ya tashi, Baba ya ja ni bayan wani ginshiƙi, ya zaro wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Wuƙa ce, ta fawa, an wasa ta har ta siranta, ƙotarta ta yi baƙi don riƙo.

"Ka ba wana, hannu da hannu," ya ce. "Ba sai ka ce komai ba."

Ya juya ya tafi, wai ya bar teburinsa ba kowa.

Wallahi haushi ya kama ni. Ga buhunan sallahu har shida, ga iyaka a gaba, ga 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi masu zazzage jaka, sannan a haɗa ni da wuƙa! Na ce a raina, tsofaffin nan dai! A Nijar maƙera suka ƙare? Akwai wani abokina mai sayar da burodi a bakin tashar, na miƙa masa na ce ya ajiye min. A Wagadugu na sayi sabuwa fil, mai sheƙi, har ina yaba wa kaina wayo.

Na tarar da Baffa zaune a zaure, kamarsu ɗaya da Baba har tari. Ya saurari gurguwar Hausata bai yi dariya ba. Da na miƙa masa wuƙar, ya juya ta, ya shafa ƙotar, ya dube ni.

"Ita ya ba ka?"

"Ita ce, Baffa."

"To, madalla," ya ce. Ya miƙa wa matarsa ya ce a riƙa yanka albasa. Kwana ashirin na yi a gidan, bai ƙara ambaton ƙanensa ba.

Ranar da na dawo, tun jirgi bai gama tsayawa ba na hango Baba a bakin dandamali, shi da ba ya barin nama don kowa. Bai tambaye ni gajiya ba.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa, Baba."

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: hawaye a gemun babana, a tsakiyar jama'a. A cikin gbaka, ƙaramar motar haya, muna tsallake gada zuwa Adjamé, ya ba ni labarin. Wuƙar ta kakanmu ce. A gidanmu na mahauta, babban ɗa ke gadonta, da ita ake sanin wanda ya gaji uba. Baba ya ɗauke ta cikin fushi bayan sun yi cacar baki, ya shigo jirgi da ita. Mayar da ita shi ne neman gafara, karɓarta shi ne yafewa. Ba a haɗa shi da magana.

Na gane abin da Baffa ya gani a hannuna: ƙanensa ya riƙe ta uba, ya aiko masa da ta kasuwa. Na buɗe baki, na dubi fuskar Baba, na rufe. Tsoro ne, ba wani abu ba. Washegari na karɓo wuƙar wurin mai burodi, na ce a raina bayan Sallah zan koma da kaina in gyara.

Ba a kai Sallar ba aka bugo waya Baffa ya rasu.

Mutane suka cika ƙofar gidanmu don gaisuwa. Kowa ya zauna, sai Baba ya ce masa, "Alhamdu lillahi, mun rabu lafiya da ɗan'uwana. Yaron nan ne ya sada mu." Ana ta sa min albarka, ni kuwa ina kallon tabarma.

Shekara huɗu Baba ya ƙara a duniya, cikin kwanciyar rai da ban taɓa saninsa da ita ba. Har gobe ban san ko shirun da na yi tausayi ne ko rashin kunya ba. Wuƙar tana nan ƙasan akwatina, cikin rawaninta. Ni ne babban ɗa, amma ban taɓa yanka ko da albasa da ita ba.