Baba Kwalba da Buhun Taki

Baba Kwalba bai taɓa koyar da kowa ba. Aikinsa a makarantar sakandare wanke kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, can ya samo sunan. Amma ya shekara da shekaru tsaye bayan malamai da kunne a buɗe. Ya yi ritaya da tsohuwar farar riga, da ma'aunin zafi mai tsaga a gindi, da kalma ɗaya da yake ji da ita: entalfi.

Ko shayi ka miƙa masa sai ya yi maka bayani. Wai entalfi ke nan: in abu biyu suka haɗu, ko su fitar da zafi, ko su tsotse na kusa da su. Matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Sabulu, takan ce, "To mu da muka haɗu, wanne muka yi?" Sai ya kurɓi shayinsa.

Rigimarsu a kan ɗan ɗakin bayan kicin take. Shi ya cika shi da kwalabe da gwangwanaye yana kiransa ofis. Ita kuwa a tsakar gida take haɗa sabulun sayarwa, rana na dukanta, kaji na taka mata kaya.

Ranar da surukinsu zai zo gaisuwa da yayyensa, aka wayi gari firji ya mutu. Ga lemo an sayo, ga gari ya ɗau zafi.

"Ki bar mini," in ji Baba. "Farin takin zamani in ya narke a ruwa, zafi yake tsotsewa. Lemon nan sai ya kama haƙori."

"Malam, ka je ka sayo ƙanƙara kamar kowa."

"Ƙanƙara ta waɗanda ba su yi kimiyya ba ce."

"To. In ya yi sanyi, ɗakin naka ne har ka mutu. In bai yi ba, makulli."

Ya yarda, har da saka farar riga. Maganar takin gaskiya ce, ya sha ganin an gwada a makaranta. A lungun kicin ya tarar da buhu mai hoton masara, ya leƙa, ya ga fari. Bai tambayi kowa ba.

Da ya yi abinsa a ɓoye da sauƙi. Sai da baƙi suka zauna ya kira su su shaida. Ya jera robobin lemo a bokitin ruwa, ya tuttula garin, ya juya da sanda.

"Taɓa gefen bokitin, ɗana. Me ka ji?"

Surukin mai kunya ne. Ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

"Akwai ɗan ɗumi, Baba."

"Hannunka ne. Daga rana ka fito."

Tururi ya fara tashi. Babban yayan ya kama tari. Baba ya tsoma ma'aunin zafi, ya ga jan layin yana hawa kamar ana korarsa, ya juya shi sama da ƙasa wai ko a baibai ya riƙe shi. Robobin lemo suka soma lanƙwashewa.

Mai Sabulu ta fito da tire, ta shaƙi iskar sau ɗaya.

"Kowa ya matsa! Malam, wane buhu ka ɗauka?"

"Na taki."

"Takin da ka ƙarar a lambu tun bara? Sodar sabuluna ce a ciki! Kada wanda ya taɓa ruwan nan, fata yake ci."

Baba ya dubi bokitin, ya dubi baƙi, ya gyara wuyan riga.

"To ai wannan ma entalfi ne," ya ce. "Ɗaya ɓangaren."

Baƙi ruwan tulu suka sha, suka ce ya yi daɗi. Ta sa safar roba ta tsamo lemon ta zubar. Ruwan sodar kuwa ba ta yi asararsa ba, sabulu ta haɗa da shi. Sannan ta miƙa hannu, ya zaro makulli ya ba ta.

Yanzu ita ce a ɗakin, cikin inuwa. Shi ne a tsakar gida da farar rigarsa, yana narka mata soda, yana tsoma ma'auni ya gaya mata in ta huce a zuba mai. Kaji na taka masa kaya. In ka tsaya zai gaya maka gwajin bai faɗi ba, buhu ne ya yi ƙarya.