Hannun da Na Binne a Ƙuba

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zan manta ba a zamana na Madina, ranar da na yi yaɓe a Ƙuba zan faɗa.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina karatu a jami'a, na samu ɗaki a wani tsohon gidan gona na ƙasa, tsakiyar dabino. Mai gidan tsohuwa ce, kakanta ya zo daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya gina shi da hannunsa. 'Ya'yanta sun koma gidajen siminti a Harra ta Gabas, kullum suna matsa mata a rushe, ita kuwa ko gezau. Har yau ina kewar ƙamshin gahawarta da ƙarar injin ban ruwa da safe.

Ni ɗan gidan magina ne, ga rawar kai. Bangon zauren ya tsone mini ido: duk shatin yatsu ne, kamar aikin ɗan koyo. Wata Alhamis ta tafi ziyara unguwar Anbariyya, na kwaɓa ƙasa na shafe rabin bangon sumul, na zauna jiran yabo.

Da ta dawo ta daɗe tsaye a bakin ƙofa.

"Ya waladi, ɗana, ina hannun babana?"

Ashe al'adar gidan ce, duk wanda ya taɓa yi masa yaɓe yakan manna ɗanyar ƙasa a bangon nan ya danna hannunsa. Ga na kakanta, ga na marigayi mijinta. Kullum bayan sallar asuba takan dafa su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu addu'a. Na babanta na binne. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Inna, bari in kankare," na ce.

"La, la! Har nasa za ka ɗebe. Bar shi, yana ciki."

Ta share hawaye, ta kamo hannuna ta danna a ɗanyar ƙasar, daidai inda na babanta yake.

"Halas, shi ke nan. Tunda ka yi yaɓe, kai ma ka shiga addu'a."

Bayan rasuwarta na je Umara, na tarar jikokinta ba su rushe zauren ba. Yatsuna biyar na nan, gefensu ya yi santsi saboda dafawa. Nan na tsuguna na yi kuka.

Tun daga ranar ban ƙara gyara abin mutane ba sai na tambayi dalilin da ya sa suka bar shi haka.