Malfar da Na Ƙi Cirewa a Gwiwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Kazaure, ni malamin allura da masinjan En'e da mai jakin da ke ɗauke da akwatin allurar rigakafin agana. Su suna ganin sammakon nan tsiyata ce kawai. Ni kuwa zabiya ne, ranar da ke sa su gumi ni gasa ni take yi, ga shi kuma bazara ta kai bazara.

Ina da tsarina, kuma ba na jin kunyarsa. Malfa mai faɗin faifai, riga mai dogon hannu, man kaɗanya a leɓe da wuya. Amma ba na gudun rana gaba ɗaya. Ina ƙarami uwata ta ɓoye ni a ɗaki har ƙafafuna suka fara gwamewa, sai kakata ta riƙa fito da ni ina shan hantsi. Har yau ranar safe tawa ce, ta tsaka ce ba ma ga maciji.

Hanyar Roni duk duwatsu, jaki na tafiya yana shawara da kansa. Muka yada zango a gindin tsamiya, muka sha fura da nono ta anini. Mai furar ta leƙa ƙarƙashin malfata ta ce ba ta taɓa ganin Baturen da ya iya dama fura ba. Sai da la'asar ta yi sanyi muka ci gaba.

Washegari muka isa Gwiwa, inda Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi zai duba aikinmu. Aka jera mu a fili da azahar tsaka, babu ko inuwar kara. Al'ada ita ce ka tuɓe takalmi, ka cire malfa, ka durƙusa har Bature ya gama. Bara na yi haka a Babura, wuyana ya yi gyambo, wata biyu ina kwana rub da ciki.

Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na bar malfata inda take.

Masinja ya zungure ni. "Malam, don Allah cire. Aikinka fa."

Tafinta ya matso ya ce Bature na tambaya wa na raina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaya masa ban raina kowa ba. Ya taɓa kansa ya ji, tasa hular tana nan. Abin da yake tsoro shi nake tsoro."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma haushi ya fi tsoron yawa. Na dubi Baturen, hancinsa ja wur, yana saɓa kamar albasa. Ya rubuta sunana a littafinsa.

Kwana uku bayan haka muka dawo Kazaure, muka tarar labari ya riga mu: an dakatar da ni sai na je ofis na ba da haƙuri. Uwata ba ta tambayi wannan ba. Ta ɗaga wuyan rigata, ta shafa tabon bara, ta ga babu sabo, ta yi hamdala.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne zan iya ba mutum gwiwata da takalmina, amma fatata ba ta cikin kayan gaisuwa. Gobe da azahar suka ce in je ofishin. Malfar na rataye a bakin ƙofa, da ita zan je.